Katanga Uku da Na Haura

Abin da na fara gani a Italiya, bayan na sauka daga jirgin sama na gangara tashar jirgin ƙasa, mutum ne kwance a bakin matakala. Bature ne dattijo, takalmi a ƙafa ɗaya, fuskarsa a ƙasa. Jama'a na ta fitowa suna raba hanya, wasu ta damansa wasu ta hagu. Wata mata da ta ga babu wurin wucewa sai ta ɗaga akwatinta ta tsallake ƙafarsa. Na ajiye jakata zan duƙa ke nan, sai na ji an riƙe mini hannu ta baya.

"Kai ne Malam Bukar ko? Ɗauki jakarka mu tafi."

Awudu ke nan, wani Bahaushen Kumasi da aka turo ya tarye ni, ya daɗe a ƙasar har yana jin yarensu. Na ce masa mutumin nan ko numfashi ban ga yana yi ba.

Ya ce, "Akwai masu aikin ɗaukarsa. In ka taɓa shi ya cika a hannunka, kai za a tsare. Nan kowa tasa ta fisshe shi."

Har jirgin ya ja ina leƙe ta taga, ban ga masu aikin sun zo ba. Amma abin da ya faɗo mini a rai ba baturen ba ne, Gwaggo Yagana ce.

Ni baduku ne ɗan baduku. Rumfarmu a Kasuwar Kurmi take, gidanmu a Mandawari, inda kakanninmu suka sauka tun da suka zo daga Barno. Gidan da a da ake dafa tuwo a tukunya biyu, sai da ya zamana mu biyu muka rage a ciki, ni da Gwaggo Yagana, yayar mahaifina. Ita ta raine ni bayan rasuwar iyayena, kuma Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Babana. Da kayan roba suka kashe mana kasuwa, wani dillalin fatu ya ce ana neman masu ɗinkin jaka a Turai, ita ce ta fara cewa in tafi.

Ban tafi da wasi-wasi ba, gaskiya ita ce. Na damƙa amanarta ga Alhaji Tijjani, abokin mahaifina da katanga ɗaya ta raba mu. Har dariya ya yi mini.

"Haba Bukar, a Mandawari? Nan in tsohuwa ta yi tari a ɗaki, gida uku ake ce mata sannu."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, haka na tashi na gani. A lungunmu in aka idar da asuba aka ga wurin mutum a sahu babu kowa, ba a watsewa sai an je ƙofarsa. A yi sallama sau uku. In shiru, ba a neman izinin kowa, sai a sa mai ƙarfi ya haura katanga ya zare sakata. Ni kaina na haura ta ladaninmu ranar da ya zame a banɗaki, aka sa mini albarka har ta yi mini yawa. Da magariba kuma kwanuka ke ta giftawa, na Gwaggo ya shiga gidan Alhaji, na gidan Alhaji ya shigo namu. Wanda bai ga kwanon maƙwabcinsa ba ya san akwai dalili, sai ya aika a dubo.

Zangona wani ƙaramin gari ne da ke cikin kwari, hayaƙi da hazo ba sa barin samansa. Tun daga bakin garin hancina ya gaya mini an cuce ni. Warin majema ne, wanda duk ɗan Kano ya sani. Ashe babu wani ɗinkin jaka. Jima ce zan yi, in riƙa jan ɗanyun fatu daga cikin ruwan sinadari ina lodawa a kan amalanke. Basillata da wuƙaƙena da na naɗo a tsumma, har na baro ƙasar ban kwance su ba. Na kira dillalin, lambarsa ta daina shiga. Mai masana'antar kuwa ya karɓi takarduna ya ce zai gyara mini izinin zama, duk ranar da na tambaye shi sai ya daki kafaɗata ya ce gobe. Wani abin haushin, a cikin fatun da nake ja har da na awakinmu, na gane su da gani. Gari ɗaya muka fito da su, amma su ana lallaɓa su kada su yage.

Ɗakin da aka ba mu, gadaje ne wani kan wani. Akwai 'yan Afirka, akwai mutanen Asiya, kowa in ya dawo sai ya haye gadonsa ya toshe kunne da waya. Na shiga da sallama ranar farko, babu wanda ya ɗago. Na dafa shinkafa na ajiye a tsakiya na ce bismillah, sai Awudu kaɗai ya matso, shi ma yana ci yana kallon wayarsa. Akwai wani siririn mutum da ke kwana a gadon da ke samana, mai yawan tari. Wata rana na lura tarin ya ɗauke, na leƙa na ga katifa babu zani. Na tambayi 'yan ɗakin ina yake, wannan ya ɗaga kafaɗa, wancan ya ce yana jin tun makon jiya ba ya nan. Na ce mene ne sunansa ma? Babu wanda ya sani, kuma da na bincika kaina sai na tarar ni ma ban sani ba. Tsoro ya kama ni a ranar, irin wanda ban ji ba ko a cikin jirgi.

Duk Juma'a nakan kira Gwaggo a 'yar ƙaramar wayar da na bar mata. Gaisuwarmu ba ta sauyawa.

"Gwaggo, ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Babana. Ya sanyi? Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci. Ya mutanen lungu?"

"Kowa lafiya."

Ni ma lafiya lau nake ce mata, alhali fatar hannuna tana saɓulewa. Ban taɓa kawowa a raina cewa yadda nake rufe mata haka ita ma za ta iya rufe mini ba.

A hanyata ta zuwa aiki akwai wani tsohon gida ƙarami, mai katanga da bishiyar ɓaure a tsakar gida. Dogayen benaye sun kewaye shi ta ko'ina, tagoginsu ba sa ƙirguwa, kuma ban taɓa ganin fuska a ko ɗaya ba sai labule. A gidan wata tsohuwa ke zaune ita kaɗai. Kullum da safe takan buɗe tagar katako ta karkaɗe zanin tebur, tattabaru su sauko su tsince ɓurɓushin burodi. Ni kuwa bakina ya saba, ko akuya na tarar a lungu sai na ce mata sannu. Na ɗaga hannu na gaishe ta da 'yar kalmar da Awudu ya koya mini. Ta dube ni, ta ja tagar ta rufe da ƙarfi har tattabarun suka tashi.

Awudu ya ce, "Ka ga irinta ko? Tana zaton leƙen gidan kake yi. Nan wanda ya gaishe ka, akwai abin da yake nema."

Ban daina ba. Ba don wani halin kirki ba, kawai in na wuce tsohuwa ban gaishe ta ba sai in ji kamar na fita babu hula. A hankali ta daina rufe tagar. Can kuma ta fara gyaɗa kai. Ranar da sanyi ya sauka sosai, ina tafe ina rawar ɗari a cikin 'yar rigata ta gida, sai na ga wata ƙatuwar rigar sanyi rataye a ƙofarta, ita kuma tana taga tana nuna rigar tana nuna ni. Ta mijinta ce marigayi, daga baya na gane. Na sa ta, tana warin kafur, hannunta ya rufe mini yatsu. Na tsaya a titi hawaye na zuba, don tun da na zo ƙasar ba a taɓa dubana a ga ina jin wani abu ba.

Ranar hutu na tuƙa tuwon semo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da Gwaggo ta ƙulle mini, na rufe a kwano na kai mata. Ko ta ci ko tattabaru ta ba, Allah masani. Washegari dai na tarar da kwanon a kan katanga an wanke shi, da busasshen ɓaure a ciki. Daga nan na sa mata suna Iya. Ba ma jin yaren juna, sai nuni. Wata rana ta miƙo mini hoton wani mutum mai ƙiba ta taga, ta dafa ƙirjinta, sannan ta nuna ɗaya daga cikin benayen da ke tsallaken titi. Ɗanta ne, can yake zaune. Daga tagarsa ana hango bishiyar ɓauren, amma ban taɓa ganin ƙafarsa a ƙofar ba.

A daidai wannan lokacin ne kiran Juma'a ya fara sauya mini, ba a bakin Gwaggo ba, a bayanta. Da in muna magana nakan ji daka, in ji yara, in ji mai tallan fura tana wucewa. Yanzu sai ƙarar inji da wani dum, dum, kamar ana jefar da abu mai nauyi.

"Gwaggo, me nake ji haka?"

"Masu kaya ne, suna sauke dila."

"A lungun namu? Kwanon Baba Alhaji fa, ana kaiwa?"

Ta ce, "Ina zubawa dai, Babana. Mun gode Allah."

Na ji kalmar, ban auna ta ba. Juma'ar da ta biyo wayarta a kashe. Ta gaba ma haka. Na kira Alhaji Tijjani, ya ɗauka yana cikin hayaniya.

"Baba, kwana biyu ba na samun Gwaggo."

"Lafiyarta ƙalau, ai kullum muna tare. Ka san halin wutar nan, caji ne. Zan sa a duba, in sha Allahu. Bari, ina kan hanya."

Bayan wannan ko na kira ba ya ɗauka. In na aika saƙo sai ya turo mini hoton babban yatsa. Na riƙa kallon yatsan nan ina lallashin kaina cewa dattijo ba zai yi mini ƙarya ba, kuma ko shi ya shagala ai akwai sauran lungu.

Sai wata safiya na zo wucewa na ga tagar Iya a rufe. Tattabarun na jere a kan katanga suna jira. Na ce ƙila ta makara. Washegari ma haka, ta gaba ma haka, sai tattabarun suka fara raguwa. Na shiga kantin da ke kusurwa inda take sayen burodi, na yi wa mai kantin nuni da gidan, ya buɗe hannuwa ya koma kan na'urarsa. Na tari wata mata da ke fitowa daga bene da karenta, ta ja igiyar karen ta tsallaka titi. Na tsaya a ƙofar benen ɗan nata, maɓallai ne jere da sunaye, ban san wanda zan danna ba.

Na gaya wa Awudu. Ya ajiye cokali ya dube ni sosai.

"Malam Bukar, ka ji tsoron Allah ka ji tsoron hukuma. Takardarka ba ta fito ba. Tsohuwar nan tana da ɗa, tana da gwamnati. Kai wane ne nata?"

Na ce, "Maƙwabcinta."

Ya ce, "Wannan kalmar a Kano ka baro ta."

Ranar Lahadi da hantsi na koma. Na tsaya a ƙofar na yi sallama, irin tamu, don ban san wata ba. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Na kasa kunne. Can ciki na ji wani sauti siriri, ƙwas, a daɗe, ƙwas, kamar ana buga cokali a jikin ƙarfe. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce ta tuna abin da ta saba. Na taka ƙarfen ƙofar na kama kan katanga na dira cikin ganyen ɓaure. Ƙofar ɗakin girki a kulle take, na naɗe hannu da rigar mijinta na fasa gilashin.

Tana kwance tsakanin tebur da murhu, ƙafa ɗaya a karkace, cokali a hannunta, kusa da bututun ruwa. Leɓenta ya tsattsage. Ba zan faɗi yadda ɗakin yake ba, don tsohuwa ce mai tsafta kuma ba za ta so a faɗa ba. Na ɗebo ruwa na tallafo kanta ina ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Ta buɗe ido ta gane ni, ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Ina cewa sannu Iya, sannu, sai na ji jiniya. Har na yi hamdala, na ɗauka motar asibiti ce.

'Yan sanda ne. Suka kifar da ni a kan gilashin da na fasa, aka murɗe hannuna ta baya. Sai da suka gama da ni sannan ɗayansu ya waiga ya ga akwai mutum a ƙasa.

A ofishinsu aka kira Awudu ya yi tafinta, ya zo fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Jami'in ya juyo mini da na'ura ya nuna mini kaina. Ga ni ina taka ƙofa, an ɗauko daga sama. Ga ni a kan katanga, an ɗauko ta gefe. Wani ma ya jawo hoton har ana ganin facin wandona. Daga tagogi daban-daban aka ɗauka, kuma mutane da yawa ne suka buga waya a lokaci guda. Ashe duk bayan labulen nan akwai idanu, kuma lafiyarsu ƙalau.

Na ce Awudu ya tambaye shi, su waɗannan da suka gan ni, ba su ga taga a rufe ba?

Jami'in ya duba abin da ya rubuta ya yi magana, Awudu ya fassara. "Ya ce wata mata ta faɗa musu ta kwana biyu tana jin ana buga bututu, har yana hana ta barci. Ta ce da ma tana shirin kai ƙara."

Ba su tuhume ni da sata ba, jami'in har hannu ya ba ni. Amma da aka nemi izinin zamana aka tarar goben mai masana'anta ba ta taɓa zuwa ba, sai aka ce in bar ƙasar. Kafin a fita da ni na roƙi a gaya mini halin da Iya take ciki. Aka ce ni ɗan'uwanta ne? Na ce a'a. Aka ce to doka ba ta yarda a gaya mini ba. Har yau ban san ko ta tashi ko ba ta tashi ba.

Awudu ya kawo mini jakata inda ake tsare da mu. Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce shi ma yana da uwa a Kumasi, rabonsa da jin muryarta tun azumi. Na ce ya kira ta. Ya ce zai kira in ya samu sarari.

Wasu na kuka a jirgin da ya dawo da mu, ni kuwa ji nake kamar in tura shi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, wannan maganar ce ta riƙa yi mini yawo a ka. Duk da haka ina ce wa kaina Mandawari daban ce. Mu da muke da masallaci a kowane lungu, mu da muke haura katanga.

Gab da azahar mai a-daidaita-sahu ya sauke ni a bakin lungunmu, don wata babbar mota ta toshe hanya. Na ratsa da jakata a ka. Dakalin da dattawa ke zama an fasa shi. Gidan Alhaji Tijjani babu zaure, an sa masa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, a ciki diloli ne har rufi. Gidan ladan ma haka, na kusa da shi ma haka. 'Yan dako na ta shiga da fita, wasu matasa na zaune a kan benci kowa da wayarsa, ban san fuskar ko ɗaya ba. Na yi musu sallama, ɗaya ya amsa bai ɗago ba.

"Don Allah, Alhaji Tijjani fa?"

"Mai gidan da? Ai ya daɗe da sayarwa. An ce ya yi gini a bayan gari."

"Tsohuwar gidan nan fa, kun gan ta kwanan nan?"

Ya ɗago ya dubi ƙofarmu kamar yau ya fara ganinta. "Da mutum a ciki? Wallahi mun ɗauka kango ne."

Na kusa zabga masa mari, sai na ga ba shi da laifin da ya fi na kowa. Na tura ƙofar, da sakata ta ciki. Na yi sallama. Na yi ta biyu. Na yi ta uku, injin wuta na sito yana ta ruri, ko an amsa ba zan ji ba. Na ajiye jakar, na taka wata dila da aka jingine a bangonmu, na kama kan katanga.

A nan na ɗan dakata, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Rana tsaka ce, lungu cike da mutane, ga baƙo da rigar Turawa a kan katangar gidan mutane. A da, kafin ka kai hannu an taru a kanka, sai ka faɗi sunan kakanka kafin a sake ka. Wallahi so nake wani ya yi mini ihun ɓarawo. Wani ɗan dako ya ɗago ya dube ni, ya gyara gammonsa ya wuce. Na bencin ko motsi ba su yi ba.

Na dira. Tsakar gidan da Gwaggo ke sharewa sau biyu a rana ya cika da ganye da ledojin da iska ta kwaso. A bakin zaure na ga kwanon nan mai murfi da na sani tun ina yaro, wanda ake kai wa gidan Alhaji. Na buɗe, tuwon ciki ya bushe ya yi furfura. Na saki murfin na ƙarasa ciki da gudu.

Tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta jingina da randa. Ta rame har ban san inda zan taɓa ba. Gefenta moɗa ce da kwanon gari da ƙwallayen dabino. Wayar tana can kan taga inda hannunta ba ya kaiwa.

"Wane ne?"

"Ni ne, Gwaggo."

Ta lalubo fuskata da hannu. "Babana. Sannu da hanya. Ka ci abinci kuwa?"

"Gwaggo, ya jikin?"

"Da sauƙi."

Ƙugunta ne. Ta zame a bakin rijiya, ta ja jiki ta dawo nan, ba ta ƙara miƙewa ba. Na ce tun yaushe Baba Alhaji ya tashi? Ta ce tun ina sabon zuwa can, kuma ya ce zai riƙa leƙowa. Na ce to kwanon fa? Ta ce hannunta ne ya saba, takan zuba ta ajiye ko Allah zai kawo mai ɗauka. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba?

"Mutum yana uwa duniya a ɗaga masa hankali?"

"Ba ki yi kira ba? Ga mutane nan fal a waje."

"Na kira, Babana. Na kira har na ji kunya na bari."

Na kifa kaina a gwiwarta na yi kukan da ban yi ba a hannun 'yan sanda. Ta bar ni na yi, tana shafa mini ƙeya. Can sai hannun ya tsaya.

"Ni kam ta ina ka shigo? Ai da sakata."

"Ta katanga."

"Da ranar nan? Ba wanda ya yi maka ihu?"

"Babu, Gwaggo."

Ta jawo mayafinta ta rufe kai. "To ɗauke ni mu je. Ashe unguwar ta riga ni."

Na zare sakata, na goya ta kamar yadda ta sha goya ni, na fito da ita ina neman abin hawa zuwa asibiti. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Lungun a cike yake, ana ta sauke kaya. Jama'a suka raba mana hanya, wasu ta damanmu wasu ta hagu.